Littafin Bashin Kakana

A aikinmu na gidan rediyo da wuya rana ta fito ta faɗi ba mu karanta sanarwar rasuwa ba. Ƙarshenta kusan kullum iri ɗaya ne: iyalai suna roƙon duk mai bin mamaci bashi ya zo a biya shi. Abin da ba kasafai ake kawo mana ba shi ne kira ga waɗanda mamacin ke bi. Kunya ke hanawa, kada a ce ƙasar kabari ba ta bushe ba an fara lissafin kuɗi. To amma idan mutum ya yi suna wajen sassauci, ya rasu ya bar dukiyarsa a hannun jama'a, magadansa su bi ne ko su yafe? Wanne ne riƙon amanarsa?

Rasuwar kakana ce ta sa na daɗe ina juya wannan magana. Ɗan kasuwa ne a Maraɗi, cikin mutanen da suka tashi a zamanin gyaɗa. Yaron wani Alhaji ne da farko, yana tsaye bakin sikeli lokacin kaka, a shekarun da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a 1962, ke riƙe da cinikin gyaɗar Nijar. Da ubangidansa ya gamsu da amanarsa sai ya ba shi jari, kamar yadda aka saba tsakanin ubangida da bara. Farin 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, shi kuwa ya koma sayar da gero da wake, daga baya ya haɗa da sukari da atamfa, yana bin hanyar Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Ya ga yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. Ya kuma ga watan Janairun 1994, da aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta. Duk waɗannan sun girgiza shi, ba su kayar da shi ba.

Ni amaryarsa yake kirana, irin wasan kaka da jika, kuma ban taɓa zuwa shagonsa na fito hannu wofi ba. Amma ba zan ce mutum ne mai sakin hannu ba. Ciniki yake kamar zai yi faɗa a kan dala ɗaya. Ko ɗan cikinsa ya ɗauki tiyar gero sai ya rubuta. Yana da babban littafi mai baƙin bango da yake rubutu a ciki da ajami: sunan mutum, garinsu, abin da ya ɗauka, da lokacin da ya ce zai biya. Sai dai bai taɓa kai kowa gaban alƙali ba, bai kuma taɓa aika yaro ya tsaya wa mutum a ƙofar gida ba. Idan ya tabbatar mutum ya gaza, sai ya ja jan layi a kan sunan, kuma ba ya sanar da kowa sai shi mai bashin.

Bayan sadakar arba'in aka buɗe littafin. Sunaye masu jan layi suna da yawa, musamman na shekarun fari. Waɗanda ba a ja wa ba su ma ba kaɗan ba ne. Nan gida ya rabu biyu. Manyan 'ya'yansa, waɗanda kowa ya riga ya kama sana'arsa, suka ce a rufe littafi a yafe duka, ladan ya kai masa, domin haka shi zai yi. Ɗaya ɓangaren kuwa bai ce komai da ƙarfi ba: amaryarsa ta gaskiya ce, da 'ya'yanta ƙanana biyu da ba su gama makaranta ba.

Maganar manyan tana da daɗin ji, kuma tana da tushe. Alƙur'ani a ƙarshen Suratul Baƙara ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci, ya kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Amma a wuri guda, ayar da ta fi kowace tsawo ta yi umarni a rubuta bashi. Kakana ya riƙe duka biyun. Yafewarsa tana da daraja ne saboda ya san abin da ya yafe, ya san wanda ya yafe wa, kuma dukiyarsa ce ya yafe.

Wannan na ƙarshen shi ne inda gizo ke saƙar. Daga lokacin da rai ya fita, dukiya ta tashi daga hannun mamaci. A fitar da kuɗin likkafani, a biya bashin da ake binsa, a zartar da wasiyya wadda ba za ta wuce sulusi ba, saura na magada ne, har da abin da ke hannun mutane. Matan da ya bari suna da tumuni tunda akwai 'ya'ya, kowane ɗa kuma da rabonsa. Baligi yana da ikon yafe nasa. Ba shi da ikon yafe na wani, kuma ko waliyyin maraya ba a yarda ya yi kyauta da dukiyar maraya ba. Saboda haka wanda ya ce a yafe duka don a girmama Alhaji, ko da da kyakkyawar niyya ya faɗa, kyauta yake son yi da aljihun wanda ya fi shi buƙata. Ga kuma wata cuta a ɓoye: an sa matar nan a inda idan ta nemi haƙƙinta za a ce ba ta san halin mijinta ba, ko ta fi son kuɗi da ladansa. Sunan mamaci ya zama sandar da ake rufe bakin mai rai.

Akwai mai cewa ai bin bashin zai ɓata sunan da tsohon ya shekara hamsin yana ginawa. Gaskiya ne akwai irin bin da ke zubar da mutuncin gida. Amma tsakanin tozarta mutum da yi masa tuni akwai tazara. Shi ma mai bashin ana yi masa gata idan aka tuna masa, domin nauyi ne a wuyansa da mutuwar mai kuɗi ba ta sauke ba. Mu da muke saurin sanarwa don kada mamacinmu ya kwana da bashi, bai kamata mu bar masu rai su mutu da namu ba don kawai muna jin nauyin magana.

Babban wan mahaifina ne ya warware. Ya sa aka aika wa kowa a asirce. Masu hali suka biya, wasu har da kuka, wasu suka nemi a raba musu bayan girbi. Waɗanda aka ga ba su da shi, manya suka yafe nasu kason, shi kuma ya lissafa abin da ya kamata ya faɗa hannun amarya da yaranta daga ciki, ya biya daga aljihunsa. Sannan ya ja jan layi.

Ni jika ce, ko jika ɗaya ba ta zo hannuna daga gadon ba, shi ya sa nake iya magana ba tare da an ce ina kare rabona ba. Abin da na fahimta shi ne, shago ana gadonsa, fili da suna ma haka, amma kirki ba ya cikin abin da malam ke rabawa. Wanda ke son a ce ya gaji halin ubansa sai ya saye shi da nasa gumin, kamar yadda uban ya saya. Idan kuwa alherin da za a yi da sunan mamaci zai sa wani a gidansa ya kwana da yunwa, a tsaya a tambaya ko na wane ne ake bayarwa.

Allah ya jiƙan Alhaji, ya sa jan layin da ya ja wa bayinsa ya zama sanadin a ja masa nasa. Mu kuma ya ba mu ikon sauke haƙƙin mutane tun muna numfashi.