Haƙuri Ne, Ko Jinkiri?

Akwai amsa guda wadda mu kan ji kullum a bakin mutanen kirki. In ka tambayi mutum don me bai fara abin da ya daɗe yana so ba, sai ya ce, "Ina haƙuri, lokaci bai yi ba tukuna." Wa zai yi gardama da mai haƙuri? Tun muna yara aka koya mana shi ne ya kan dafa dutse. Amma ya kamata mu bincika, gama ba dukan zama ne haƙuri ba. Wani zaman tsoro ne, wani kuwa kunya ce, sun ari rigar haƙuri sun sa.

Bari mu duba labarin wani dattijo na ƙasar Kenya, sunansa Kimani Maruge. Bisa ga nasa lissafi an haife shi wajen shekara ta 1920. Bai shiga makaranta yana yaro ba, gama a zamanin nan sai da kuɗi a ke karatu, shi kuwa ɗan talakawa ne. Ya yi girma, ya shiga yaƙin Mau Mau da Turawan Ingila a shekarun 1950, ya haifi 'ya'ya, ya ga jikoki, duk bai san baƙi ba. A shekara ta 2003 gwamnatin Shugaba Mwai Kibaki ta ce kowa ya shiga firamare kyauta. Ran 12 ga Janairu, 2004, sai ga tsoho mai shekara 84 da sandarsa, sanye da gajeren wando irin na 'yan makaranta, ya zauna a aji ɗaya a garin Eldoret tare da yara ƙanana. Ya ce yana so ya iya lissafin kuɗinsa, ya kuma karanta Littafi Mai Tsarki da idonsa, kada kullum sai abin da wani ya faɗa masa.

To, mai karatu, lura da wannan. Shekara tamanin da ya yi bai yi karatu ba, ba mu da ikon ba shi laifi, domin ƙofa a kulle ta ke, mabuɗi kuwa ba ya hannunsa. Wannan shi ne haƙuri na gaskiya, watau jimre abin da ba ka da iko a kansa. Amma daga ranar da aka buɗe ƙofar, al'amari ya sake. Da ya ci gaba da zama a gindin itace yana cewa "ina haƙuri," da maganar ta zama ƙarya, ko da shi ke kalmar ba ta canja ba.

Manomi ya san wannan sarai. Da rani ya kan jira, ba wanda zai ce masa rago, gama ba shi ne mai saukar da ruwa ba. Amma in ruwan shuka ya sauka, ƙasa ta jiƙu, ya kwana uku yana shawara, maƙwabtansa za su yi masa dariya. Ban ce kowane yayyafi ne ruwan shuka ba. Wanda ya yi garaje ya zuba iri a kan ruwan farko marar ƙarfi, sau da yawa ya kan sake shuka. Sai an tona ƙasa an ga zurfin laima. Amma tonawar aikin safiya ɗaya ce. Wasunmu sun shekara goma suna tona, irin yana nan a rumbu, gara tana ci.

Akwai kuma wata tambaya mai wuya wadda ba za mu tsallake ta ba. Ashe duk abin da rai ke so ne ya kamata a bi? Har a kan Maruge wasu iyaye sun yi gunaguni, suna cewa azuzuwa sun cika maƙil, don me tsoho zai tare wurin yaro? Ba maganar banza ba ce, ko da ya ke a ganina kujera ɗaya ba ta kai abin da yaran suka koya da ganinsa ba. Amma ma'aunin da suka kawo daidai ne: wa zai biya kuɗin muradinka? Magidancin da ya bar mata da 'ya'ya ba hatsi, ya tafi birni wai yana neman rayuwar da ya ke so, da guminsu ya saya. Yarinyar da ta roƙi ubanta ya bar ta ta gama makaranta kafin aure, ko gwauruwar da ta sayar da akuya ta sayi keken ɗinki, ko dattijon da ya tafi ya nemi gafarar ƙanensa bayan gabar shekara ashirin, waɗannan ba su ƙwace na kowa ba. Irin wannan ne mu kan fi jinkirtawa, abin mamaki, domin ba abin da ya hana sai "me mutane za su ce?"

Maruge bai sami sauƙi ba bayan ya shiga. A watan Satumba na 2005 ya hau jirgin sama, karo na fari a ransa, ya je Amurka ya yi magana a Majalisar Ɗinkin Duniya a kan yaran da ba su sami makaranta ba. Amma da rikici ya tashi a Kenya bayan zaɓen ƙarshen 2007, aka washe kayansa, ya koma zama a sansanin 'yan gudun hijira. Daga can ma ya riƙa takawa zuwa makaranta. A 2008 aka kai shi gidan tsofaffi a Nairobi, nan kuma ya sake shiga wata firamare. Ciwon daji na ciki ya kama shi, ya rasu a watan Agusta na 2009.

Bai gama firamare ba. Wani zai ce, to ina amfani, tun da bai sami takardar shaida ba? Amma ba takarda ya je nema ba. Ya je ne domin ya iya karatu da lissafi, ya kuwa yi wajen shekara biyar yana cikinsu, daga ranar da ya fara riƙe fensir har ranar da ciwo ya kwantar da shi.