Wa Ya Ɗaura Marin?

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa da ta yi shekaru tana ɗaure ɗanta a cikin ɗaki. Yana da taɓin hankali. Idan ciwon ya motsa yakan fice da tsakar dare, har sau biyu ana tsinto shi a bakin titi da jini a goshi. Ita ke masa wanka, ita ke ba shi abinci, kuma a bakin zanenta makullin kwaɗon ƙafarsa yake. Ina yaro na ɗauke ta muguwa. Da na girma sai na fara tambayar kaina: anya ita kaɗai ta ɗaura marin nan?

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu da mari a ƙafa. Muka yi ta tofin Allah-tsine a Facebook, kuma abin ya cancanci haka. Sai dai da dama daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Me ke sa uwa ta miƙa ɗanta ga sarƙa? Sau da yawa gajiya ce, irin ta wanda aka bar wa kayan mutum goma.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce. Cikin abin da aka fara koya mana akwai cewa kada ka ɗora dukkan aiki a kan na'ura ɗaya, domin ranar da ta gaji komai zai tsaya. Idan hakan ta faru ba na'urar ake tuhuma ba, wanda ya tsara aikin ake kira. Jinyar mai taɓin hankali a unguwanninmu a kan mutum ɗaya muka ɗora ta, galibi mace, galibi mai shekaru. Ranar da ta kasa, sai mu kira ta marar imani.

An taɓa gwada wata hanya a ƙasar nan. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle majinyata a asibiti, sai aka sauke su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye, kowanne tare da wani ɗan'uwansa, ana biyan masu gidan kuɗin haya. Da rana su je asibiti a duba su, da yamma su dawo cikin jama'a, su ci abinci da mutane, su ji hayaniyar kasuwa. Nauyin ya rabu tsakanin likita da dangi da mai masauki.

Wani zai ce ai unguwar ce ke jifan mahaukaci, yaranta ke binsa da waƙa. Gaskiya ne. Akwai ma abin tsoro da ya fi wannan: gwamnati na iya fakewa da sunan "kulawar al'umma" ta zame jikinta, ta bar mata da wahala. Shi ya sa misalin Aro yake da amfani, domin can ba a raba ƙauye da magani ba. Unguwa ba za ta maye gurbin likita ba. Likita kuma, ko na Dawanau ne ko na Kware, ba zai bi majinyaci gida ya zauna da shi bayan sallar isha'i ba. A farkon 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ci gaba ne, amma doka ba ta karɓar uwa jinya.

Kakanninmu sun naɗa sarkin makafi da sarkin guragu, suka ba su murya a gaban hukuma, ko da yake sau da yawa a bara abin ya tsaya. Mai taɓin hankali ko wannan bai samu ba. Abin da yake buƙata kuwa bai fi ƙarfinmu ba: maƙwabta su riƙa karɓar yini guda a mako, a yi adashen kuɗin maganinsa, mai unguwa ya san ranar komawarsa asibiti, liman ya tsawatar wa masu jifa, tela ko kafinta ya ba shi wurin zama a shago idan ya samu sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tsohuwar nan ta rasu, Allah ya jiƙanta. Kullum da safe ta ƙofarta nake wucewa zuwa makaranta, daga baya zuwa wurin aiki. Ina gaishe ta, tana amsawa. Ban taɓa cewa, "Inna, je ki kwanta, yau ni zan zauna da shi" ba. Makullin a hannunta yake, amma da ni aka ɗaura marin.