Haƙƙin Wanda Ba a Haifa Ba

Ya 'yan'uwa Musulmi, malaman fiƙihu sun karantar da mu cewa idan najasa ta taɓa ƙasa, ruwa ke tsarkake ta, kamar yadda Annabi (SAW) ya sa aka kwara guga inda baƙauye ya yi bawali cikin masallaci. To, ina hukuncin dauɗar da ruwa ba ya wankewa?

A Akokan, kusa da Arlit cikin Jamhuriyar Nijar, kamfanin Cominak ya haƙi yuraniyam daga 1978 zuwa 2021, ya bar dusar ma'adini wajen tan miliyan 20. Ido ba ya ganin gubarta, sai na'ura. Radiyam da ke cikinta kuwa ƙarfinsa ba ya raguwa da rabi sai bayan shekara 1,600.

Shin wanda ba a haifa ba yana binmu haƙƙi? Lalle yana bi. Manomin Ɗambatta ya sani ba a mayar da gonar aro a lalace, kuma shari'a ta ɗora wa maɓarnaci ramuwa. Saboda haka wajibi ne wanda ya ci riba ya auna ƙasar, ya bayyana sakamakon, ya binne dusar da kuɗinsa. Jikokin da za su shaƙi ƙurar ba su da bakin kai ƙara yau, amma suna da shi gobe Ƙiyama.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.