Haƙƙin Baƙo Da Haƙƙin Masu Gida

 

Ya 'yan'uwana Musulmi, abin da ya jawo maganarmu ta wannan mako wata tambaya ce da wani magidanci ya yi mini a ƙofar masallaci bayan sallar lisha. Ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya ce, "Malam, ina tsoron na zama marowaci." Shi ma'aikaci ne mai ƙaramin albashi, da mace ɗaya da 'ya'ya biyar, gidansa kuwa shi ne masaukin duk ɗan'uwan da ya shigo birni daga ƙauye, da mai ganin likita da mai neman aiki. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin shekarar 2023 kayan abinci suka yi tashin gwauron zabo, awon da a da yake kai su ƙarshen wata ya koma ƙarewa tun wata bai kwana ashirin ba. Ya ce har ta kai shi ranar nan ya ji sallamar ƙanen mahaifinsa, ya tura yaro ya ce ba ya nan, tun daga ranar kuwa bai sami barci mai daɗi ba. A cikin wannan hali ne kuma mai ɗakinsa take matsa masa a yi wa ɗansu bikin zagayowar ranar haihuwa, don an yi wa ɗan maƙwabta.

Na san ba shi kaɗai ne cikin wannan damuwa ba, saboda haka na ga ya kamata in ba da amsar a wannan fili domin kowa ya amfana.

Da farko dai, girmama baƙo ba al'adarmu ta Hausawa ba ce kurum, addini ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya haɗa girmama baƙo da imani da Allah da ranar lahira, watau alama ce ta mai imani. Mafi yawan malamai sun ce liyafa sunna ce mai ƙarfi, Imamu Ahmad kuwa ya tafi a kan wajibi ce yini ɗaya da dare ɗaya. Kakanninmu sun gane haka, shi ya sa ba su gina gida ba tare da zaure ba, suka kuma ce baƙonka annabinka.

Ku dubi labarin baƙin Annabi Ibrahimu (A.S.) cikin Suratuz Zariyat, daga aya ta 24 zuwa ta 27, da kuma Suratu Hudu aya ta 69. Mutane ne da bai san su ba suka yi masa sallama. Bai tsaya tambayarsu ko suna jin yunwa ba, domin baƙo mai kunya zai ce ya ƙoshi. Ya sulale cikin gida ba tare da sun lura ba, bai jima ba ya fito da gasasshen maraƙi mai ƙiba, ya kai shi gabansu da kansa, ya tayar musu da tattausan lafazi. Malaman tafsiri sun fitar da ladubba masu yawa daga nan: gaggauta kawo abin da ya samu, da yi wa baƙo hidima da kanka, da rashin sa shi ya ji ya zama nauyi. To amma a lura, Annabi Ibrahimu mai dabbobi ne, daga garkensa ya kamo. Ba a ce ya fita neman rance ba.

A nan ne da yawa daga cikinmu muke kuskure. Mun ɗauka girmama baƙo shi ne a kawo masa abin da gidan bai taɓa ci ba. An ruwaito cewa wasu mutum biyu sun ziyarci Salmanul Farisi, ya kawo musu gurasa da gishiri, ya kuma shaida musu cewa an hana su ɗora wa kai abin da babu saboda baƙo. Ɗayansu ya nuna da ma akwai ɗan ganyen ƙamshi cikin gishirin. Salmanu ya aika aka jinginar da butarsa aka sayo. Da suka ƙoshi, mutumin ya yi hamdala ga Allah da ya sa masa wadatar zuci, sai Salmanu ya amsa masa cewa da yana da wadatar zuci da butarsa ba ta je jingina ba. Haka kuma Muslim ya ruwaito ranar da yunwa ta fitar da Manzon Allah da Abubakar da Umar, suka sauka gidan wani mutumin Madina, ya kawo musu dabino, ya ɗauki wuƙa zai yi yanka, Manzon Allah ya gargaɗe shi kada ya yanka wadda ake tatsa. Ku duba fa, baƙo ne mai jin yunwa, amma bai yarda a yanka abin da gidan yake rayuwa da shi ba saboda cin yini guda.

Saboda haka tuwo da miyar kuka da aka kawo da sakin fuska sun fi kaza da aka ciwo bashi aka soya ana ɓata rai. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Ruwan sanyi, da buta, da nuna alƙibla, da tambayar mutanen gida, duk girmamawa ce, ba kuwa a sayen su a kasuwa. In abincin kaɗan ne a haɗu a ci tare, domin ya tabbata cikin hadisin Jabir wanda Muslim ya ruwaito cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, na huɗu yana isar takwas. Wannan albarka tana sauka ne a kan akushin da aka haɗa hannu, ba wanda kowa ya ja nasa ya shige ɗaki ba.

Wani zai ce, ina labarin Abu Ɗalha, wanda ya tafi da baƙon Manzon Allah gidansa alhali ba su da komai sai abincin yara, aka lallashi yara suka yi barci, aka kashe fitila, shi da matarsa suka riƙa yin kamar suna ci har baƙo ya ƙoshi? Gaskiya ne, Allah ma ya yabi irin wannan fifita wani a kan kai cikin Suratul Hashri aya ta 9. Amma Imamu Nawawi ya bayyana a sharhinsa na Muslim cewa yaran nan ba su kai ga yunwa mai cutarwa ba, da sun kai, to ciyar da su ne wajibi, shi za a gabatar a kan liyafa. Kuma dare ɗaya ne, da yardar matar gida. Ba hujja ba ce ga wanda zai riƙa cika kwanon zaure da nama kullum don a ce da shi mai kyauta, iyalinsa a ciki suna ƙanƙarar ƙanzo. Shari'a ta umurci mutum ya fara da waɗanda ciyarwarsu take wuyansa.

Wannan ya kawo mu ga tanadi. Wasu suna ganin lissafin abinci rashin tawakkali ne, alhali kuwa Buhari ya ruwaito daga Umar cewa Manzon Allah yakan keɓe wa iyalinsa abincin shekara daga dabinon Banu Nadir. Annabi Yusufu (A.S.) kuma ya shawarci mutanen Masar su bar hatsi cikin zangarniyarsa sai kaɗan da za su ci, dabarar da manomanmu suke yi har yau in sun zuba dammunan gero a rumbu. Don haka ya kamata maigida da uwargida su zauna farkon wata su san tiya nawa gidan yake ci a yini, su raba awo mako mako, su sayi kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa lokacin da suke araha. Sa'an nan a duk awo a ware ɗan abu, ko tiya guda ce, a ce wannan na baƙo ne. Gidan da ya yi haka ba ya firgita da jin sallama. Abin da ya kwana kuma a yi ɗumame da shi, kada a zubar, domin Suratul A'arafi aya ta 31 ta halatta ci da sha ta hana ɓarna.

Kada kuma mu manta da wadda take tsaye a madafa. Maigida ne ake gode wa a zaure, amma hayaƙi idon matarsa yake shiga. Ba adalci ba ne mutum ya kwaso abokai bayan an kwashe tuwo, ya ce a sake ɗora tukunya, bai ƙara ko kwabo a kan cefane ba. Ga wayar hannu a aljihun kowa, me zai hana a sanar da ita tun da rana? Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah yakan taya iyalinsa aikin gida, ya kuma tabbata bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari.

Shi ma baƙo akwai abin da ke kansa. Hadisin Abu Shuraihu ya iyakance: yini da dare na farko a kyautata masa gwargwadon iko, liyafa kwana uku ce, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Baƙo raɓa ne. Wanda lalura ta tsare shi, kamar mai jinya, to ya riƙo ɗan hatsi ko wake daga gida, ko ya sa hannu a cefane, ya ci abin da masu gida suke ci. Wanda aka gayyata kada ya jawo wani sai da izini, domin lokacin da wani mutum ya biyo Manzon Allah zuwa walimar da aka shirya wa mutum biyar, sai da ya nemar masa izinin mai gida. In an ci kuma a watse, kamar yadda aya ta 53 ta Suratul Ahzabi ta koyar.

Sai maganar bukukuwa, inda dukiyar gidaje da yawa take zurarewa. Walimar aure sunna ce, Manzon Allah ya umurci Abdurrahman ɗan Aufu da ita ko da akuya guda ce, shi kuwa da ya auri Nana Safiyya walimarsa dabino ne da cuku da man shanu, ba gurasa ba nama. Ya kuma kira walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta mafi sharrin abinci. Game da suna, a mazhabarmu ta Malikiyya dabba ɗaya ce ranar bakwai, ko namiji aka haifa ko mace, ga wanda yake da hali. Cikin Muhtasar na Shehu Halilu ma an karhanta mayar da ita walima da ake tara mutane, abin so shi ne a ci a gida, a yi sadaka, a aika wa maƙwabta. To ina wannan ina hayar rumfa da kujeru da ɗinkin anko, a bar mai jego ba abin kunun kanwa?

Bikin zagayowar ranar haihuwa kuwa baƙon abu ne da ya shigo mana daga Turawa. Malaman wannan zamani sun saɓa a kansa: wasu sun hana don ganin kwaikwayo ne da ƙirƙirar idi, wasu sun ce al'ada ce da ba ta zama laifi ba muddin ba a ɗauke ta ibada ba, ba a kuma haɗa ta da saɓo ba. Amma dukkansu ba wanda ya yarda a ci bashi don kek da hotuna, ko a yi shi don gasa da maƙwabta. Wanda ya daka rawar wani zai rasa turmin daka tasa. Da aka tambayi Manzon Allah game da azumin Litinin, ya ambaci cewa ranar ce aka haife shi, ka ga godiya ya yi da ibada. Uban da yake son faranta wa ɗansa, ya sa masa albarka, ya duba inda karatunsa ya kai, ya ba shi kwano ya kai wa maraya da hannunsa. Wannan zai zauna a zuciyar yaro bayan an manta da zaƙin kek.

Amsar da na bai wa mai tambayata ke nan. Na ce masa wanda rowa ta hana shi barci ba marowaci ba ne, amma ya yi laifi biyu: ya juya wa baffansa baya, ya kuma koya wa ɗansa ƙarya. Suratun Nuri aya ta 28 ta ba mai gida damar ya ce da mai sallama ya koma, ta umurci mai sallama ya koma ba tare da fushi ba, saboda haka babu bukatar ƙarya. Na shawarce shi ya nemi baffan nan ya ba shi haƙuri, ya gaya masa gaskiyar halin da gidan yake ciki, domin dattijo ba zai kasa ganewa ba. Ya buɗe ƙofarsa kwana uku da abin da ya samu, bayan haka ya yi magana a fili cikin ladabi. Ya kuma zauna da mai ɗakinsa ya nuna mata lissafin albashi, domin sau da yawa mace tana roƙon abin da babu ne saboda an ɓoye mata abin da ke akwai. Allah ya faɗa cikin Suratuɗ Ɗalaƙi aya ta 7 cewa kowa ya ciyar gwargwadon abin da aka ba shi, ya kuma yi alkawarin sauƙi bayan tsanani.

Allah ya yalwata mana abincinmu, ya sa albarka a tukwanenmu, ya tsare mu daga rowa da fariya da nauyin bashi. Ya sa gidajenmu su zama masu karɓar baƙi, mu kuma in mun baƙunci wasu kada mu zame musu wahala. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.