Ƙurar da Ba Ta Fita a Hoto

Tambayata ta yau ita ce: duk aibin da idonka ya gani, dole ne ka sa hannu ka gyara shi? Zan nemo amsar a cikin tsohuwar kyamara mai fim, irin wadda masu hoto ke ratayawa a wuya a gidan biki kafin zuwan waya.

Ɗauki Pentax K1000, wadda aka fara ƙerawa a 1976. Idan ka kanga ido a 'yar tagar baya, hasken da kake gani ya sha tafiya. Ya shigo ta gilashin gaba, ya daki wani madubi da ke jingine a karkace, madubin ya cilla shi sama zuwa wani siririn allo inda ake saita hoto, daga nan ya bi ta cikin dunƙulen gilashi mai kusurwa biyar wanda ke miƙar da hoton kafin ya iso idonka. Kyamarar da ta sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, kana leƙawa za ka ga baƙaƙen ɗige-ɗige da 'yan zaruruwa. Nan take hannu ya fara ƙaiƙayi.

To amma lokacin da ka danna maɓalli, madubin ɗagewa yake yi, haske ya wuce kai tsaye zuwa fim. Ƙurar da ke kan madubi da allo da tagar leƙawa ba ta fita a hoto ko kaɗan. Mai leƙawa kaɗai take damu.

Shi kuwa madubin ba irin na ɗaki ba ne. Na ɗaki a bayansa aka shafa abin da ke sa shi ƙyalli, gilashi ya kare shi. Na kyamara a fuskarsa aka shafa, ba abin da ya rufe shi. Ka goga masa gefen riga sau ɗaya, zanen ya zauna har abada. Allon ma a yawancin kyamarori roba ce da aka yi wa siraran zane, sinadarin goge-goge yana iya dusar da ita. Mafi muni, wanda ya kwance allon ya mayar da shi ba daidai ba, idonsa zai ga saiti tas, a wanke fim hoto ya fito dishi-dishi. Ya samu tagar da yake so, ya rasa hoton. Shi ya sa gwanin mai gyara yake hura iska da ɗan famfon roba, abin da ya fita ya fita, sauran ya bar shi.

Ni a ganina, da yawa daga gyaran da muke yi wa mutane irin wannan ne. Yaro yana da in'ina, ko matarka tana da wata ɗabi'a da ba ta cutar da kowa, ko abokin aiki yana da salon maganar da bai yi maka ba. Ka yi ta goga, ka yi ta goga, har yaron ya daina buɗe baki a gabanka. Wallahi abin da ka lalata ya fi abin da ka cire tsada. Kafin ka sa hannu, ka tambayi kanka: wannan abin yana shiga aikin mutumin nan, ko a idona kaɗai yake?

Kada wani ya ce Malam ya ce a bar komai. Olympus OM-1, wadda ta fito a 1972, an sa mata soso a kan dunƙulen gilashin nan. Da shekaru suka ja, soson ya ruɓe ya zama danƙo, yana cin shafin azurfar da ke jikin gilashin. Shi ma ba ya fita a hoto, amma ba ya zama wuri ɗaya kamar ƙura, ci yake yi kullum. Wanda ya ce bari in yi haƙuri da shi, wata rana zai leƙa ya ga tabon da ba ya gyaruwa sai an sauya gilashin. Ƙaramar ƙaryar da yaro ya fara sabawa da ita, a wannan layin na sa ta.

Wahalar ita ce daga tagar leƙawa duka biyun tabo ne. Mai gyara ba ya ganewa sai ya cire murfin saman kyamarar ya duba, kuma ba kowane hannu ne ya iya cire murfin nan ba tare da ya tsinka wata waya ba.