SAƘON ƊAN CI-RANI: HAƘƘIN MAI AIKOWA DA HAƘƘIN MAI KARƁA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda taskokin arziki suke a hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi sunnarsa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwana matashi, da wuya a sami unguwa a ƙasar Hausa da ba ta da ɗa a waje. Wani yana Jidda yana tuƙi, wani yana Turabulus yana aikin gini, wani yana Abijan ko Kumasi yana talla, wani kuwa boko ta kai shi Ingila ko Amurka. Ƙarshen wata ya yi, gida ya zuba ido yana jiran saƙo. To, ga tambayar da ta raba zumunci a gidaje da yawa: idan saƙon nan ya ragu, ko ya yanke gaba ɗaya, shin ɗan nan ya zama mai saɓa wa iyaye ke nan? Kuma wanda saƙon ya shiga hannunsa, shin yana da ikon ya yi yadda ya ga dama da shi? Ko kai ne mai aikowa, ko kai ne mai karɓa, ko kuwa kana nan kana haɗa guzurin tafiya, maganar ta shafe ka.

ABIN DA KE ƊAGA SAƘO DA ABIN DA KE KAYAR DA SHI

Ka fara sanin cewa al'amarin ba ƙarami ba ne. A ƙididdigar Bankin Duniya, abin da 'yan Nijeriya mazauna waje suka aiko gida a shekarar 2022 ya kai wajen dala biliyan 20. Amma wannan kuɗi yana hawa yana sauka, kuma yawancin abin da ke juya shi ya fi ƙarfin mai aikowa.

Na farko, halin ƙasar da ya tafi. Baƙo shi ake fara ɗauka in kasuwa ta buɗe, shi kuma ake fara sallama in ta rufe. Dubi Saudiyya. Da farashin man fetur ya faɗi daga shekarar 2014, sai gwamnati ta shiga neman kuɗin shiga ta wasu hanyoyi. A 2017 aka ɗora wa baƙo riyal 100 a wata a kan kowane mutum ɗaya na iyalinsa da ke tare da shi, kuɗin ya yi ta hawa har ya kai riyal 400 a 2020. An kawo harajin sayen kaya na kashi 5 cikin ɗari a 2018, aka mai da shi kashi 15 a 2020. Albashin direba bai motsa ba, abin da ke fita daga aljihunsa ne ya ƙaru. To, daga ina za a yanko giɓin? Daga saƙon gida mana.

Wani lokaci ma abin ya wuce ragi, ya zama kora. A 1969 gwamnatin Busiya ta Gana ta kori baƙi marasa takarda, cikinsu har da Hausawa da yawa da suka tsufa a zango. A 1983, bayan kuɗin fetur ya ja baya, gwamnatin Shehu Shagari ta rama irin wannan, 'yan Gana wajen miliyan ɗaya suka fita daga Nijeriya. A 1990, da rikicin Kuwait ya tashi, 'yan Yaman dubu ɗaruruwa suka bar Saudiyya cikin 'yan makonni. A 2011 yaƙin Libiya ya maido 'yan Nijar dubun dubata gida hannu wofi, gidajen da suke ciyarwa suka koma su ne ke ciyar da su. Ka gaya mini, wane ne a cikin waɗannan ya daina son uwarsa?

Na biyu, halin gida. Masu bin diddigin wannan fanni sun lura da wani abu: in fari ko ambaliya ko tsada ta auka wa gida, 'yan waje sukan ƙara abin da suke aikowa, alhali attajirin da ya zuba jari don riba tattara nasa yake yi ya gudu. A 2020, lokacin annobar korona, Bankin Duniya ya yi hasashen saƙon da ke zuwa ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali zai faɗi da kashi 20 cikin ɗari. Da shekara ta ƙare, faɗuwar ba ta kai kashi 2 ba. Mutane sun rage cin kansu, sun fasa asusu, sun aika. Wannan shi ne sadar da zumunci a aikace, Allah Ya saka wa wanda ya yi domin Shi.

Na uku, canji. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 750 a kasuwar 'yan canji. Kafin watan Fabrairu na 2024 ya ƙare ta haura naira 1,500. Watau dala 100 da ke zama naira 75,000 ta koma tana zama 150,000 ko fiye. Sai mai karɓa ya ga kamar ɗan'uwansa ya yi arziki, shi kuwa aikin nan dai yake yi, albashin nan dai yake ɗauka. Ribar ma ba ta zauna ba, domin an cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, tsadar abinci kuma ta kai wajen kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar wannan shekara. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan tun a watan Janairu na 1994, ranar da aka karya darajar sefa da rabi.

Na huɗu, ladan aikawa. Aika kuɗi zuwa ƙasashen Afirka na kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, domin a ƙididdigar 2023 wajen kashi 8 cikin ɗari yake zubewa a hanya kafin ya iso hannun tsohuwa.

HUKUNCIN MAI AIKOWA

To, tun da ka ga haka, sai mu koma ga Shari'a. Aya ta 7 a cikin Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗaure ciyarwa da halin mai ciyarwa: mawadaci gwargwadon wadatarsa, wanda aka ƙuntata wa gwargwadon abin da ke hannunsa. Saboda haka wanda ya aiko da dubu ɗari bara, bana aiki ya tsaya ya aiko da dubu ashirin, bai yi zunubi ba. Mai yiwuwa ma ashirin ɗin nan ta fi ɗarin nauyi a wurin Allah, don daga bakinsa ya cire ta.

Kuma ka san waɗanda ciyar da su ya wajaba a kanka. A mazhabar Maliku, kamar yadda yake a Risala ta Ibn Abi Zaid, su ne matarka, da 'ya'yanka ƙanana da ba su da dukiya, da iyayenka biyu in matalauta ne. Sauran dangi, wa da ƙane da ɗan baffa, kyautata masu sadar da zumunci ne mai lada babba, in da hali. Amma kada ka bar matarka tana cin bashin gero a kanti don ka aika wa abokin wasanka kuɗin anko. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mutum ya fara da waɗanda ke ƙarƙashinsa.

Sai dai kada wani ya mai da wannan sauƙi mafaka. Akwai mai kukan tattalin arziki a waya, alhali ya canja wayar sau biyu a shekara, yana ɗaukar hoto a gaban motar da ba tasa ba, mahaifinsa kuwa yana bin layin asibiti ba kuɗin magani. Wannan ba riyal ce ta faɗi ba, zuciyarsa ce ta bushe. Uzurin Shari'a na wanda ya rasa ne. Kai ka san abin da ke aljihunka, Allah kuma Ya fi ka sani.

In abu ya yi tsanani, faɗi gaskiya. Kira mahaifinka ka ce, "Baba, aiki ya tsaya, ga abin da ya samu, a sa ni a addu'a." Wannan ya fi ka kashe waya wata uku don kunya, tsohuwa ta kwana tana tunanin ko teku ta cinye ka. Kuma kada kunyar nan ta kai ka ga cin bashi da ruwa, ko ɗaukar ƙwaya a ciki, ko damfara ta intanet, wai don a ce ɗan wane ya aiko. Allah Mai tsarki ne, ba Ya karɓar sai mai tsarki. Iyayen da ka ciyar da haram ba ka yi masu biyayya ba, cutarsu ka yi.

HUKUNCIN MAI KARƁA

Yanzu kuma gare ka, kai da ke gida. Kuɗin da ɗan'uwanka ya turo ya ce a sayi fili, ko a zuba bulo, ko a biya wa yara makaranta, amana ce a wuyanka, kai wakili ne kawai. Gidaje nawa ne aka aika wa mai su hoton ginin maƙwabci, ya dawo bayan shekara bakwai ya tarar da kango? Cin amana yana cikin alamomin munafuki, kuma zumunci ba ya halatta shi. In ka karɓi dala ko riyal ka kai Wapa ka canja, gaya masa ainihin farashin da aka ba ka. Rarar da ka ɓoye wuta ce ka zuba a aljihu.

Sa'an nan ka duba inda gumin nan yake tafiya. Mutum yana ɗaukar siminti a ka cikin zafin rana a ƙasar da ba wanda ya san sunansa, kuɗin ya iso gida a narkar da shi a akwatunan lefe na gasa, da makaɗa, da liƙi. Wani kason a kai wa ɗan tsibbu, wai ya ɗaure bakin shugaban kamfani kada a kori yaro. Wani a yanka sa a sadakar uku da bakwai da arba'in, abin da Annabi bai yi ba, sahabbai ba su yi ba, marayun mamacin kuma suna kallo. Haba jama'a! Ɓarna ce a dukiya, bidi'a ce a addini, ga zaluntar wanda ya nemo.

Kuma ka tsare harshenka. Kada ka zama mai zuga iyaye, "Ai ɗan gidan wane ya gina bene, naku fa?" Irin wannan gori shi ke tura yara sahara. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a hamadar arewacin Nijar, kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Yawancinsu mata ne da yara daga yankin Kance na jihar Damagaram. Talauci ne ya fitar da su, Allah Ya ji ƙansu. To, ina dalilin da za ka ƙara wa talauci bulalar gori?

Akwai kuma wata cuta ta zuciya da ya kamata ka bincika. In ka ji naira ta faɗi ka ji daɗi don dalarka za ta yi auki, tuna da maƙwabcinka da ba shi da kowa a waje, wanda faɗuwar nan ta rage masa tuwon dare. Imanin bawa ba ya cika sai ya so wa ɗan'uwansa abin da yake so wa kansa. In canji ya ƙara maka, to ka ƙara wa tukunyar da za a miƙa ta katanga.

ABIN DA MAGABATA SUKA KOYA MANA

Taimako daga nesa ba baƙon abu ba ne a Musulunci. A shekara ta 18 bayan hijira fari ya auka wa Madina da kewayenta, shekarar da ake kira ta toka. Sayyidina Umar ya rubuta wa gwamnoninsa, abinci ya zo daga Sham ta hannun Abu Ubaida. Amma dubi mai karɓa: Umar ya haramta wa kansa man shanu da nama har sai talakawa sun samu, ya yi ta cin man zaitun har launinsa ya canja. Haka ake riƙon abin da aka aiko.

Dubi kuma Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Shawarar da ya ba Masar ita ce a ajiye daga shekarun yalwa domin shekarun fari. Kai ma saƙon nan yana da damina yana da rani, kuma ba wanda zai yi maka shela kafin rani ya shigo. Saboda haka ku zauna da mai aikowa ku raba shi: kaso na ci da magani, kaso na karatun yara, na addini da na zamani, kaso kuma na abin da zai haihu, ko tumaki, ko keken ɗinki, ko injin ban ruwa, ko ɗan jari. A rubuta, a sa shaidu, ko da tsakanin wa da ƙane ne, domin aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka.

Kai kuma saurayi mai lafiya da ke zaune a dakali kana jiran waya ta yi ƙara, tuna da Abdurrahman ɗan Aufu. Ya iso Madina ba shi da komai, ɗan'uwansa Ba'ansare, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'ar albarka, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa. Hannun da ke bayarwa ya fi hannun da ke karɓa. Tashi ka koyi sana'a tun saƙo yana zuwa, domin ranar da ɗan'uwanka zai sauko daga mota da jaka ɗaya, ya tarar da wanda zai riƙe shi kamar yadda ya riƙe ku.

Allah Ya tsare 'yan'uwanmu da ke baƙunta, Ya ba su halal mai albarka, Ya maido su gida lafiya da imaninsu. Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, Ya raba mu da bidi'a da almubazzaranci, Ya sa mu cika da kyau da imani. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.