Tambayar Ɗan Cirani: Na Dafa, Ban Sha Ba

Wani dattijo daga ƙauyukan Mayahi ya zo mana da tambayar ɗansa mai cirani a Libiya. Yaron yana ɗaki ɗaya da waɗansu baƙi masu haɗa giya a ɓoye. Shi ke jiƙa musu dabino, shi ke wanke durom, suna ba shi ɗan abin kashewa. Ya ce bai taɓa kai ta bakinsa ba, abin ɗebe kewa ne kawai in an tashi aiki. Shin akwai laifi?

Tambayar ba ta gida ɗaya ba ce, domin da an gama girbin gero samarin Tasawa da Mayahi kan bi hanyar Agadas zuwa Sabha da Tarabulus. Libiya ta hana giya tun 1969, sai dahuwarta ta koma cikin ɗakuna. A Amurka kuwa, dokar 1978 ta yarje wa mutum ya dafa tasa a gida, har abin ya zama sha'awa kamar kiwon tattabaru.

Aikin kansa ba baƙonmu ba ne. Mun san yadda ake burkutu: a jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, a bar ta ta kwana har ta tashi. Tsakaninta da kunun matanmu babu nisa, hatsi ɗaya ne, murhu ɗaya. Jira ne ya raba su, da niyyar mai jiran. Muslim ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi (SAW) zabibi ya sha har yammacin rana ta uku, abin da ya saura a shayar da wani ko a zubar. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda muka biya muna yara, ta kawo hanin yin jiƙo cikin duma, malamai suka ce domin yana saurin tayar da shi. (Masu goran fura su kwantar da hankalinsu, tsamin nono daban, maye daban.) To, wanda ya rufe durom yana ƙidayar kwanaki, me yake jira?

Game da cewa bai sha ba, hadisin Anas a Tirmizi ya lissafa mutum goma da la'anar giya ke hawa kansu, mai sha ɗaya ne kawai a ciki. Har da mai matsa ta, da mai ɗaukarta, da mai cin kuɗinta. A watan Maris na 2013 giyar ɗaki mai gubar metanol ta kashe fiye da mutum 50 a Tarabulus cikin ƴan kwanaki, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, waɗansu suka makance. Da masu haɗa ta za su rantse ba su kurɓa ba, wa rantsuwar za ta tayar?

Amma abin da ya fi damunmu wani ne. Mun tambayi dattijon ko ɗansa zai wanke wannan durom a ƙofar gidansu, ya ce: “Haba Malam, ina zai sa kansa?” A nan laifin ya dawo kanmu iyaye da malamai. Mun yi ta tsoratar da yara da idon mutane fiye da yadda muka sanar da su Mai gani. Idon mutane kuwa iyakarsa tasha. Da mota ta ɗaga, yaro ya ga babu wanda ya san kakansa.

Dattijon bai tashi ba sai da ya tambayi hukuncin geron da suka ci a damina da kuɗin da yaron ya aiko. Muka ce abin da suka ci bisa rashin sani babu zunubi a kansu, kuma ladan aikinsa na gini halal ne. Muka roƙe shi kada ya yi masa baki. Ya kira shi ya ce ya nemi ɗaki cikin ƴan garinsu, ko da aiken wata biyu zai tsaya saboda kuɗin haya.